Sawun Cuta a Cikin Jini: Binciken Garki

Idan ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, jini yakan ƙera waɗansu sinadarai na kariya da ake kira antibodi, kowace cuta da nata. Nau'in IgM shi ke fara bayyana, ya gushe bayan 'yan makonni ko watanni, amma IgG yakan shekara da shekaru. Saboda haka mai awon antibodi tamkar mai bin sawu ne. Da IgM ake tabbatar da ƙyanda a yau, domin shi sabon sawu ne.

Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, maƙwabciyar ƙasar Gumel. An ga jariri na zuwa duniya da IgG na mahaifiyarsa, ya ragu cikin watannin farko, sannan nasa na kansa ya riƙa ƙaruwa gwargwadon yadda cutar ke kama shi. Da aka yi feshin gidaje da rabon magani a 1972 da 1973, antibodin mutanen ƙauyukan ya ja baya, shaidar cewa yaɗuwar cutar ta yi sauƙi.

Sai dai a ƙasar da kusan kowane baligi ke ɗauke da tsohon sawu, wannan awo ba zai nuna wanda zazzaɓin ke damu yau ba. Don haka ma'aikacin lafiya a Maigatari ko Gagarawa ƙwayar cutar kanta yake nema, da madubin likita ko tsinken gwaji.