Ciwon da ke ɓuya a bayan tabarau mai kauri

Malaman makarantun Karofane, a gundumar Buza ta jihar Tawa, sun san irin wannan yaron. Yana ƙanƙance ido yana leƙen allo, in ya gaza sai ya kwafa daga littafin na kusa da shi. In aka miƙa masa takarda, sai ta kusa taɓa hancinsa kafin ya karanta. A gida a ce ba ya da ƙoƙari, alhali sau da yawa rashin ganin nesa ne ke damunsa.

Tsawon ƙwayar idon babban mutum daga gaba zuwa baya kusan milimita 24 ne. In ta zarce haka, haske yakan haɗu kafin ya kai tantanin gani da ke shimfiɗe a bayan ido, sai abin nesa ya yi dishi-dishi. Likitoci na rubuta awon da alamar ragi, kuma daga -6 zuwa sama ana lissafa shi mai tsanani. Mai -6 ba ya ganin abu tangaran in ya wuce santimita 17 daga fuskarsa, wato bai kai taƙi guda ba. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya yi hasashen cewa zuwa 2050 rabin mutanen duniya za su kamu da rashin ganin nesa, kusan miliyan 938 kuma da mai tsananin.

Tabarau na gyara gani, amma idon yana nan a miƙe. Tantanin ganin yana sirancewa kamar fatar da aka ɗame a bakin kalangu, har ya iya yagewa ya ɓanɓaro daga mazauninsa. Babu zafi, shi ya sa ake sakaci. Alamunsa walƙiya cikin ido, baƙaƙen ɗige-ɗige da suka yawaita farat ɗaya, ko duhu da ke rufowa daga gefe. Wanda ya ga haka ba ya jiran a gama girbi ko ranar kasuwa ta zagayo, don jinkirin ƴan kwanaki na iya cinye idon. Ɗiga ruwan ganye ko rambaɗa kwalli ba ya kai wa inda ciwon yake.

Irin wannan ido kuma ya fi saurin kamuwa da hawan jinin ido, yana yin yana tun mutum bai tsufa ba, tsakiyar tantanin da ake karatu da gane fuska da ita ma tana iya lalacewa.

Gyaran farko tabarau ne na awo. Waɗanda ake bazawa a faifai a kasuwannin Buza da Madawa galibi na karatun dattawa ne, sai dai su ƙara wa yaron dishi-dishi. Akwai gilashin da ake mannawa a kan ƙwayar ido, amma yana son hannu mai tsabta da ruwan wanki na musamman, ga kuma ƙurar hunturu. Manyan da awonsu ya tsaya ana yi musu aikin leza, ko a dasa musu ɗan gilashi cikin ido. Duk waɗannan ba sa rage tsawon idon, saboda haka hatsarin na nan.

Ga yara, zama a fili na rage kamuwa. Tun 2010 Taiwan ta sa makarantunta su riƙa fitar da ɗalibai waje minti 120 kowace rana.

Mai tabarau mai kauri na bukatar a ɗiga masa maganin buɗe ido a duba bayansa sau ɗaya a shekara, a kuma auna ƙarfin ruwan idon. Daga Karofane ana farawa da asibitin Buza, sai babban asibitin Tawa. Aikin tantanin da ya ɓanɓaro kuwa sai manyan asibitocin ido, irin na Yamai ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.