Idan Ƙafa Ta Iya Amma Hankali Ya Tashi

Ranar 24 ga Oktoban 2018, a filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba, Kano Pillars ta zura wa Enugu Rangers ƙwallo uku rigis a wasan ƙarshe na cin kofin Aiteo, Rabi'u Ali na cikin waɗanda suka ci. Magoya bayan Sai Masu Gida har sun fara shirin tarbar kofi. Saura bai kai minti 15 a tashi ba Rangers ta farke ɗaya, ta ƙara ta biyu, ta cike ta uku a ƙurarren lokaci, sannan ta ɗauke kofin a bugun fanareti da ci 4 da 2. Bayan wata tara, ranar 28 ga Yulin 2019, Pillars ta sake kaiwa wasan ƙarshe, wannan karon da Niger Tornadoes a filin Ahmadu Bello na Kaduna. Aka tashi babu ci, aka je fanareti, Pillars ta lashe da ci 4 da 3.

Akwai gajiya a abin da ya faru a Asaba, akwai dabarar koci, akwai kuma rabo. Sai dai duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ya san halin da ƙungiya ke shiga da zarar an farke mata ɗaya. Ɗan baya yana tuna kuskuren da ya wuce, ɗan tsakiya yana kallon agogo, gola yana jin zagin da za a yi masa gobe. Jikinsu na cikin fili, hankalinsu ya bar wurin.

Haka abin yake a ƙauyukan Rano irin su Yalwa, da Rurum, da Saji, da ƙauyukan Kibiya irin su Tarai da Fammar. Bayan la'asar za ka tarar da matasa a filin makaranta, wasu da takalmin roba, wasu ƙafa a ƙasa. Kocinsu, wanda galibi tsohon ɗan wasa ne mai yi don sha'awa, zai sa su zagaye fili, su yi tsalle, su yi ba-ni-in-ba-ka. Ranar gasa yaron da ba ya ɓarar da fanareti a atisaye sai ya ɗaga ƙwallo sama da raga. A bakin fili za ka ji an ce ba shi da zuciya, wani ya ce hannu aka sa masa. Da wuya ka ji wanda zai ce ba a koya masa yadda zai tsaya da hankalinsa ba. Alhali abin koyo ne, kuma ba ya buƙatar ko sisi.

A 1979 wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, don masu fama da ciwo mai naci da damuwa. Aikin mai sauƙin faɗa ne. Mutum ya zauna, ya sa hankalinsa a kan shigar numfashinsa da fitarsa. Ba za a jima ba hankalin zai zille zuwa bashi, ko abinci, ko wata magana da aka gaya masa jiya. Da ya farga sai ya dawo da shi, ba tare da ya tsine wa kansa ba, kamar yadda makiyayi ke juyo da akuyar da ta nufi gonar mutane. Wannan fargar da dawowar su ne horon. Wanda ya yi su sau ɗari a zaune ya fi kusa da iya yin su sau ɗaya a gaban dubban 'yan kallo.

Daga asibiti abin ya shiga wasanni. Kabat-Zinn ya horar da 'yan tseren kwale-kwale na Amurka kafin gasar Olamfik ta 1984. Phil Jackson, kocin ƙwallon kwando da ya ci kofin NBA sau 11, ya kawo George Mumford ya koyar da 'yan Chicago Bulls a zamanin Michael Jordan, daga baya kuma 'yan Los Angeles Lakers, har da Kobe Bryant. Novak Djokovic, gwanin tanis, ya bayyana cewa yana wannan zama a kullum.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayanin yadda gwani ke sarewa. Sian Beilock da Thomas Carr sun nuna a wani bincike na 2001 a kan 'yan wasan golf cewa matsin lamba na sa ƙwararre ya koma sa ido a kan motsin da jikinsa ya riga ya haddace. Ƙafar da ta buga fanareti sau dubu ba ta buƙatar umarni. Da tsoro ya shigo, sai mai ita ya fara tambayar kansa inda zai dasa ƙafar hagu da gefen da zai taɓa ƙwallo, bugun ya lalace. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ta gano wani abu kusa da wannan a 1996: gwanayen jefa ƙwallon kwando kan tsayar da idonsu a kan raga tsawon lokaci kafin su jefa, marasa ƙwarewa kuwa idonsu yawo yake yi. Shi kuma Geir Jordet, ɗan ƙasar Nowe, da ya bi diddigin fanareti a manyan gasanni, ya lura cewa masu gaggawar bugawa da an busa usur sun fi ɓararwa. So suke su rabu da tashin hankalin da wuri. Ingila ta daɗe tana shan kashi a fanareti. Kocinta na lokacin, Gareth Southgate, ya sa 'yan wasansa su riƙa dakatawa, su ja numfashi, kuma a 2018 suka fitar da Kwalambiya, karon farko da suka ci bugun fanareti a gasar cin kofin duniya. Numfashin ma yana da dalili a jiki, domin fitar da shi a hankali na rage gudun bugun zuciya.

Kada a ɗauki wannan horo a matsayin sabuwar laya. Masanan da suka tattara binciken da aka yi a kansa sun ce yawancinsa a kan mutane kaɗan aka yi shi, kuma da yawa ba a tsara su da kyau ba. Inda shaida ta fi ƙarfi shi ne rage fargabar gasa da taimakawa a wasannin saiti, irin harbi da jifa. Ba ya ƙara wa mai gudu sauri, ba ya koya wa kowa yanka. Yana dai hana abin da mutum ya iya kuɓuce masa a ranar da ya fi buƙatarsa, ni kuwa ina ganin wannan kaɗai ya isa a kula da shi.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Ka je gidan dambe na dandalin Ado Bayero a Kano, ko ka tsaya a wasan kaka bayan an kai amfanin gona gida. Kalangu na tashi, mawaƙi na zuga, ana kirari, ana liƙi. Da an sa zare, ɗan damben da ya ƙware sai ya yi tsit. Ya miƙa hannun kariya, ya ja na zare baya, idonsa a kan abokin karawa, yana iya cinye rabin turmi bai kai bugu ba. Sabon shiga, wanda kiɗa ya hau masa kai, shi ke afkawa ya buɗe fuska a kashe shi. Manyan 'yan damben Kudu, da Arewa, da Guramada sun san amfanin haƙuri a fage, amma ba a ware shi a koyar ba, sai dai yaro ya tsince shi bayan ya sha ƙasa.

Akwai iyayen da za su yi ɗari-ɗari, tun da tushen hanyar Kabat-Zinn na cikin addinin Buda, ko da yake ya cire ibadar kafin ya kai ta asibiti. Damuwa ce da ta cancanci amsa. Abin da ake nema a fili lura da numfashi ne da tsayar da ido, babu kiran wani suna, babu wata aƙida. Yaron da ya tashi yana jin malamai na maganar halarto da zuciya a salla, yana ganin kakansa zaune da carbi bayan asuba, ya riga ya san cewa hankali na gudu kuma ana dawo da shi. Salla ta Allah ce, ba a mayar da ita atisaye ba. Amma tarbiyyar da take bari a jikin mutum tana binsa har filin wasa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke cike gurbin. Matashin da gabansa ke faɗuwa kafin wasa, bai kuma san yadda zai yi ba, wani aboki zai miƙo masa ƙwaya. Tiramadol ta shiga cikin matasanmu ta wannan ƙofa da wasunta, kuma tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa. Yaron da ya saba da ita a ƙauye, ko ya samu shiga babbar ƙungiya, dakatarwa ke jiransa.

Kocin ƙauye zai iya farawa da minti biyar kafin atisaye, yara su zauna a inuwa su ƙirga numfashi zuwa goma, wanda ya ɓata ya koma ɗaya. Za su yi dariya a makon farko, a bar su. Daga nan a kai abin cikin wasa: duk wanda zai buga fanareti ya ajiye ƙwallo da kansa, ya zaɓi kusurwa, ya ji usur, ya fitar da numfashi sau ɗaya kafin ya motsa, sauran kuma su tsaya bayan raga suna masa ihu da gangan. Idan an ci su, kyaftin ya tara su na ɗan lokaci kafin a take. Malaman motsa jiki na makarantun sakandaren Rano da Kibiya su ne suka fi dacewa a fara horarwa, domin ta hannunsu yawancin yaran nan ke bi, maza da mata.