Gashi Ma Yana Riƙe Lissafi, Kamar Lalle a Farce

Duk wadda ta taɓa yin ƙunshi ta san jan tafin hannu ba ya daɗewa, amma na farce yana nan daram. Farce na tsirowa fari daga tushe, jan yana ta matsawa gaba, har tsohuwa mai ido ta kama hannun yarinya ta ce, "Wannan lallen ƙaramar Salla ne." Ba ta tambayi kowa ba, farin da ya fito ta duba. To, da irin wannan ido masu bincike ke duban gashin kai yanzu, don su san yawan damuwar da mutum ya sha a watannin baya.

Abin da suke nema sunansa kotizol, sinadarin da wasu 'yan ƙulli biyu da ke kan ƙoda ke zubawa cikin jini idan hankali ya tashi. Shi ke ƙara sukari a jini, ya shirya jiki don gudu ko faɗa. Yana da amfaninsa. Illar ita ce ya zauna sama wata da watanni, saboda bashi ko jinya ko rashin aiki, har hawan jini da rashin barci su biyo baya.

Auna shi a jini ko yawu kamar duban tafin hannu ne, labarin yau kawai za ka samu. Da safe yana sama, tsakar dare yana ƙasa, tsoron allurar ma kaɗai kan ɗaga shi. Gashi kuwa farce ne. Yana tsirowa yana haɗiye ɗan kotizol daga jini, ya kulle shi a ciki, ya matsa gaba da shi. Tunda gashi kan ƙaru da kamar santimita ɗaya a wata, sai a yanko ɗan tsili daga bayan kai, sama da ƙeya kaɗan, dab da fata. Santimita uku na tushe watanni uku ke nan. A wanke, a daddatsa, a jiƙa a sinadarin metanol, a auna. Ba allura, ba firji, a ambulan ma ana aika shi.

Masana a Strasbourg ta Faransa ne suka nuna a 2004 cewa ana samun kotizol a gashin ɗan Adam. A 2010 masu bincike na Jami'ar Western Ontario ta Kanada da abokan aikinsu a Isra'ila suka gwada gashin maza 56 da ciwon zuciya ya buge farat ɗaya da na wasu 56 da aka kwantar don wata cuta dabam. Na farkon kotizol ɗinsu ya fi yawa tun watanni uku kafin su faɗi. Wannan ne ya fi taɓa ni. Mutum na ta amsa "lafiya lau", alhali gashinsa ya daɗe da ɗaukar wani labarin. Har a gashin gawawwakin Peru na ɗaruruwan shekaru an auna shi.

Sai dai lalle ma yana ruɗin mai kallo. Bakin farce na koɗewa da wanke-wanke. Haka gashi, idan ya wuce kamar santimita shida kotizol ɗinsa ya fara zubewa. Rini da man miƙar da gashi kan taɓa sakamakon, haka mayukan bilicin masu sitiroyid. Kuma kowa da saurin farcensa: an auna an ga gashin baƙar fata bai kai na Turawa saurin tsirowa ba, ga shi yawancin lissafin a kan Turawa aka gina shi. Sannan lalle na faɗa maka lokaci, ba ya faɗa maka dalili. Mai ciki a watannin ƙarshe da mai yawan gudun tsere duk nasu na hawa, ba don baƙin ciki ba.

Don haka har yanzu awon nan ya fi zama na ɗakin bincike, ba abin da za ka je asibitin unguwa ka nema ba. Ya kamata jami'o'inmu su auna shi a kan gashin mutanenmu. Kai kuma da ka yi watanni barci na gagararka, zuciya na bugawa, kada ka jira almakashi: je a auna maka jini, ka kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ke damunka.