Attaura da Alƙur'ani: Rarrabe Tsaki da Tsakuwa

Akwai maganganu biyu da ke yawo a zaurukan hira, musamman idan an taso daga tafsirin watan azumi, waɗanda ko da yake sun saɓa wa juna kamar gabas da yamma, tushensu ɗaya ne, watau rashin buɗe littattafan da ake gardama a kansu. Wasu suna cewa babu abin da ya haɗa Alƙur'ani da littafin Yahudawa ko ƙanƙani, wasu kuwa, waɗanda suka ɗan leƙa rubuce-rubucen Turawa, suna cewa ai daga Attaura aka kwafo shi.

Ta farkon ba ta da madafa, domin Annabi Musa, alaihissalamu, shi ne wanda aka fi ambaton sunansa a Alƙur'ani, har sau 136, alhali sunan Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sau 4 kacal ya zo. Kuma mafi yawan annabawan nan 25 da almajiri ke haddacewa, daga Nuhu da Ibrahim har zuwa Sulaimanu da Yunusa, sunayensu suna nan cikin littafin Yahudawa. Wanda ya karanta Suratu Yusuf, sannan ya duba ƙarshen littafin Farawa, zai tarar da rijiyar, da rigar da aka shafa wa jini, da shanu bakwai masu ƙiba waɗanda ramammu bakwai suka cinye. Sai dai a lura, Attaura littattafai 5 ne kawai daga cikin 24 da Yahudawa ke riƙe da su, Zabura tana wani sashe dabam, Linjila kuwa ba ta ciki sam, tunda ba su karɓi Annabi Isa ba.

Ta biyun, wadda wani malamin Yahudawa na Jamus, Abraham Geiger, ya rubuta littafi a kanta cikin 1833, ta fi bukatar natsuwa. Kamancen ba asiri ba ne da wani ya tono, tunda Alƙur'ani da kansa ya shelanta cewa ya zo ne yana gaskata abin da ya gabace shi, yana kuma tsaro a kansa. Ba a kuwa sami wata fassarar Attaura ta Larabci da ta riga Musulunci ba. Buhari ya ruwaito cewa da Ibrananci ma'abota littafi ke karanta ta, mashahuriyar fassarar Sa'adiya Gawon kuma ta mutumin da ya rasu a 942 ce. Ko wahayi ne, kamar yadda Musulmi ya yi imani, ko jin baki, kamar yadda Geiger ya raya, wannan muhawarar aƙida ce. Amma kwafe kalma da kalma, nassin kansa ya ƙaryata shi, domin a Attaura 'ya'yan Nuhu uku duk sun tsira, a Suratu Hud ɗa guda ya nutse. A littafin Fitowa Haruna ne ya ƙera ɗan maraƙi, a Suratu Ɗaha Samiri ne. Labarin Hudu da Adawa, da na Salihu da taguwarsa, babu su a can ko alama.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe, har da masu rawani, shi ne abin da muke ɗauka aya ce alhali ba ita ba ce. Kusan kowane gida a ƙasar Hausa akwai Hauwa ko Hajara, ko Bilkisu ko Zulaiha, amma a bincika Alƙur'ani daga Fatiha zuwa Nasi, ba za a ga ko ɗaya daga sunayen nan ba, haka nan Habila da Ƙabila da Namarudu. Wasu daga hadisi suka zo, wasu kuma, irin su macijin da aka ce ya shigar da Iblis Aljanna, daga Isra'iliyyat ne, watau labaran da su Ka'abul Ahbar da Wahbu ɗan Munabbihu suka yaɗa, waɗanda Ibnu Kasir ya kasa gida uku: abin da nassinmu ya gaskata, da abin da ya ƙaryata, da abin da ya yi shiru a kansa.

Har ɗan da aka umarci Ibrahim ya yanka, Suratus Saffat ba ta faɗi sunansa ba. Attaura ta ce Ishaƙa ne, Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ga haka ya karkata, sannan Ibnu Kasir da jumhurun malaman baya suka rinjayar da Isma'ila, suna kafa hujja da cewa busharar Ishaƙa ta zo ne a surar bayan an gama ƙissar yankan.