Zaɓen Sabon Batirin Tayar da Mota

Batirin tayar da mota aikinsa ya ba da wuta mai ƙarfi cikin daƙiƙa kaɗan, har inji ya kama. Batirin sola kuwa a hankali yake sakin wuta, shi ya sa ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Ƙananan motoci batir ɗaya mai volt 12 suke amfani da shi. Manyan motocin da ke ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Kudu galibi batir biyu ake haɗa musu, su ba da volt 24. Idan ɗaya ya mutu, gara a sauya duka biyun, domin tsohon zai ja sabon ƙasa.

Kafin a saya, a duba lambar Ah da ke jikin tsohon, da girmansa, da ɓangaren da kan ja yake, don waya ta kai. A duba ranar ƙira kuma, domin batirin da ya daɗe a shago yakan yi sanyi.

Zafin bazara a yankin Jega da Maiyama yana ƙafar da ruwan batir. Lafiyayyen batir mai volt 12 yakan nuna volt 12.6 idan inji a kashe yake, sama da 13.5 idan yana aiki. In bai kai 13.5 ba alhali inji yana aiki, a fara duba altaneta.