'Yan Kasuwar Birni, a Karanta Kafin a Tura Kuɗi

Jama'ar Birnin Zariya, musamman samarin da suka fara odar kaya daga Sin da Dubai ta wayar hannu, a yi hattara. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana, da wuya ka rasa matashin da ke ciniki da wani kamfani a Guanzo ta WhatsApp ko Alibaba: keken ɗinki, zare, batirin sola. Kuɗin kuwa ba nasa kaɗai ba ne. Akwai adashin mahaifiyarsa a ciki, akwai na yayansa da ya sayar da masara. Duk ana tura su ne a kan takardar Turancin da aka bi ta sama-sama, ko aka bai wa manhajar fassara ta dagula ta.

Turancin da aka ci jarrabawa da shi a makarantar Alhudahuda daban, na takardar ciniki daban. A takardar ciniki haruffa uku kacal ke yanke wanda zai ɗauki asara. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya da ke birnin Faris ce ta tsara waɗannan ƙa'idoji tun 1936, kuma bugun 2020 na ɗauke da guda 11.

Wanda ya fi kayar da mutanenmu shi ne CIF. Mutum ya ga an rubuta CIF Legas, sai ya saki jiki, wai an biya komai. Abin da mai sayarwa ya biya shi ne kuɗin jirgi da inshora zuwa tashar ruwa, shi ke nan. Kuɗin kwastan naka ne, na kiliyarin naka ne, motar da za ta ɗauko kaya daga Apapa zuwa Zariya ma taka ce. Abin da ya fi wannan ciwo, tun ranar da aka loda kaya a jirgi can ƙasar Sin, duk abin da ya same su a wuyanka yake. Inshorar kuma mafi ƙanƙanta ce in ba ka nemi ƙari ba: tana biyan gobara da nutsewar jirgi, amma ba ruwanta da sata ko ruwan da ya tsiyaya cikin kwantena. In FOB ne, kuɗin jirgin ma kai za ka biya. In kuwa EXW ka gani, kada arhar farashin ta ruɗe ka, a bakin ƙofar masana'anta za a ajiye maka kayanka, ka san yadda za ka yi da su.

Sai kuɗin jinkiri. Kwanakin alfarma na ƙarewa, kamfanin jirgi zai fara lissafi a kan kwantena kullum, ko da kana can kana neman takardar Form M wadda tun kafin a loda kaya ya kamata ka buɗe a banki. Ta haka ake barin kaya a tasha don tarar ta fi ƙarfin uwar kuɗi.

Masu son fitar da citta da riɗi da zoɓo, ku ma ku saurara. Tsakanin D/P da D/A harafi ɗaya ne. A na farko, banki ba zai miƙa wa mai saye takardun kaya ba sai ya biya. A na biyu, sa hannu kawai zai yi cewa zai biya nan gaba, ya kwashe kayanka. In ya noƙe, wa za ka kai wa ƙara daga Zariya? Ga kuma Babban Bankin Nijeriya na jiran kuɗin su dawo gida cikin kwana 180.

Ba a cinikin biri a sama. Kafin ka tura ko sisi, buga takardar ka kai ta sashen cinikin waje na bankinka, ko ka nemi wanda ya karanci harkar kasuwanci a jami'a nan Kongo, ya bi ta da kai layi-layi. Ka tambayi mai sayarwa a rubuce: wa zai biya jirgi, wa zai biya kwastan, daga ina asara ke komawa kaina? In aka turo maka sabuwar lambar asusu a tsakiyar ciniki, dakata, ka kira lambar da ka sani tun farko.

Shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin maɗinka, don Allah ku tara yaran nan, ku gayyato masana su koya musu waɗannan kalmomi tun kafin odar kayan Sallah ta kankama.