Babban Birki Da Tsohuwar Taya: Abin Da Ake Faɗa A Gareji Da Abin Da Yake Gaskiya

Duk matashin da ya shiga gareji da BMW M3 ko Mercedes C63, a Apo ta Abuja ne ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, da wuya ya fita bai ji wannan shawarar ba: "Yallaɓai, motar nan akwai wuta, sai an sa mata babban birki." Nan take za a ɗauko masa faifai mai faɗi mai huje-huje da kalifa ja jawur mai fistin shida, a ce da waɗannan ko a guje yake, taku ɗaya za ta tsaya cak. Ba duka maganar ce ƙarya ba, sai dai amfanin da ake tallatawa daban, wanda kayan suke yi daban.

Birki ƙafar mota yake riƙewa. Taya ce take riƙe kwalta, kuma abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Wanda ke son ya gane ko birkinsa ya isa, ya samu fili marar mutane ya take shi da ƙarfi. Idan ya ji fedar tana bugun tafin ƙafarsa, to na'urar ABS ce take sassauta birkin don kada tayar ta kulle ta riƙa jan ƙasa. Wato birkin da kamfani ya sa ya riga ya fi ƙarfin tayar. Ƙara masa ƙarfi ba zai rage ko taku ɗaya a tsayawar gaggawa ba, ABS ɗin ce kawai za ta riƙa shigowa da wuri. Tun 1978 da Mercedes da Bosch suka fito da wannan na'ura a S-Class, aikinta ke nan: ta hana birki wuce abin da taya za ta iya ɗauka.

Inda babban birki yake da gaskiya shi ne wajen zafi. Duk gudun da mota ta ɗauko, birki zafi yake mayar da shi, kuma lissafin ba ya tafiya daidai wa daida. Tsayar da mota daga gudun kilomita 200 yana haifar da zafi ninki huɗu na tsayar da ita daga 100. Sau ɗaya, faifan kamfani zai shanye. Sau goma a jere a filin tsere, ko a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ga direban da ya ɗora ƙafa kan birki ya ƙi rage giya, nan ne ƙaramin faifai yake gazawa. Jure zafi ne ya taimaki Jaguar ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1953, da birkin faifai da suka ƙera tare da Dunlop: awa 24 ana takawa bai saki ba. To amma masu irin motocin nan a garuruwanmu, nawa ne suke taka birki haka? Mafi yawansu daga gida ne zuwa ofis, sai ɗan wasan mota ranar biki.

Sakin birki ma iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Idan fedar tana nan da tauri amma motar ba ta tsayawa, ga ƙauri yana tashi, fad ɗin birki ne ya yi zafin da ya wuce ƙa'idarsa. Idan kuwa fedar ce ta yi laushi ta nutse ƙasa, man birki ne ya tafasa. Wannan na biyun shi ya fi arhar magani, shi kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana cewa man birki ba a canza shi, ciko kawai ake yi. Ba haka ba ne. Man yana zuƙar danshi daga iska a hankali. Man birki mai lamba DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 a ƙalla, amma idan ya sha ruwa ma'aunin yana saukowa zuwa wajen 155. Shi ya sa BMW da Mercedes suke cewa a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. Akwai kuma masu ganin babbar lamba ita ce babban inganci, su sayi DOT 5. Shi wannan da silikon aka yi shi, ba ya gauraya da DOT 3 ko DOT 4, kuma ba a yi shi don mota mai ABS ba. Wanda ya dace shi ne DOT 5.1, wanda yake kaiwa digiri 260. Ɗigon nan da ke tsakanin 5 da 1 ba ado ba ne.

Faifai mai huje-huje fa? Yana ɗan rage nauyi, yana ɗan taimakawa a cikin ruwa, Porsche ma tana fito da motocinta da shi. Amma a tsananin zafi daga bakin hujin tsagewa take farawa, musamman idan faifai ne mai arha da aka huda bayan an gama ƙera shi. Motocin tsere da yawa sun fi amfani da mai tsaga-tsaga ko sumul. Fad ɗin tsere shi ma tarko ne ga mai yawo a gari, domin wasu ba sa kamawa sosai sai sun ɗauki zafi. Da sanyin safiya, a danjar farko, na kamfani ya fi su, ga ƙara ga cin faifai. Kuma in aka sa ƙatuwar kalifa a gaba aka bar baya yadda take ba tare da lissafi ba, aikin ya koma kan tayoyin gaba, tazarar tsayawa tana iya ƙaruwa maimakon ta ragu. Jan murfin roba da ake liƙawa a kan kalifa kuwa, wannan bai ma kai a tsaya musu a kansa ba.

A wajen taya ne kuɗi suke yin aiki na zahiri, a nan ne kuma jita-jita ta fi yawa. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008, kasuwa ta dogara da abin da ake shigowa da shi, har da gwanjon da ake kira tayar Beljiyam. Masu sayarwa sukan ce gwanjon babban kamfani ya fi sabuwar taya marar suna ƙwari. Ranar da aka ƙera ta, wataƙila. Amma roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. A jikin kowace taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: 3219 na nufin mako na 32 na shekarar 2019. Ranar ƙira ce, ba ranar ƙarewar aiki ba kamar yadda wasu ke ɗauka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya tana ƙidaya shekara huɗu daga nan a matsayin wa'adin tayar. Michelin kuma cewa take a riƙa kai wa ƙwararre ya duba duk shekara bayan ta kai biyar, kada a wuce goma ko da ba ta suɗe ba. A ganina, ga mota mai gudu a ƙasar da zafin Afrilu yake haura digiri 40, matsayin hukumar ya fi zama abin bi.

Abin da ya fi tsufa haɗari a gwanjo shi ne tayar hunturu. Za ka gan ta da zane mai zurfi, kamar sabuwa, a gefenta akwai hoton dutse mai tsini uku da alamar ƙanƙara a ciki. An yi robarta don sanyin da ya gaza digiri 7. A kwaltar Sakkwato ko Maiduguri laushi take yi, ta cinye da wuri, kuma tazarar tsayawarta ta fi ta tayar zafi tsawo. A duba harafin ƙarshe na lambar taya ma. A 225/45 R17 94W, lamba 94 na nufin tana ɗaukar kilo 670, W kuma iyakar gudunta kilomita 270 a awa. H 210 ne, V 240, Y 300. Sa wa motar da aka yi wa W tayar H saboda girmansu ɗaya kuskure ne, kuma wannan iyaka ta lafiyayyar taya ce mai isasshiyar iska, ba wadda mai faci ya toshe sau uku ba.

Batun iska, ɓangare biyu ne suke kuskure. Direbobi da yawa suna rage iska in za su yi doguwar tafiya da rana, wai kada taya ta fashe. Akasin haka ne. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, wannan shi yake dafa ta daga ciki. Ƙarancin iska da zafin hanya suna cikin dalilan da aka ambata lokacin da Firestone ta janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka a shekarar 2000, bayan haɗurran motocin Ford Explorer. A ɗaya ɓangaren kuma ga mai faci da zai dura iska har 50 saboda ya ga lamba a jikin tayar. Waccan lambar iyakar abin da tayar za ta jure ce. Ma'aunin da motar ke so yana kan takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Iskar naitirojin da ake sayarwa ba ta cutarwa, amma kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa ma ita ce.

Taya mai faɗi takan ƙara riƙo a busasshiyar kwalta, wannan gaskiya ne, muddin robar mai kyau ce kuma rim ɗin ya dace da ita. Da damina kuma ita ce take saurin hawa kan ruwa ta rabu da ƙasa. Rim mai inci 20 da siririyar taya yana da kyan gani, amma rami ɗaya a hanyar Kaduna ya isa ya lanƙwasa shi ya kumbura gefen tayar, kuma kumburin gefe ba ya gyaruwa.

Sai gardamar da ba ta ƙarewa a bakin masu faci: in kuɗin taya biyu ne kawai a hannu, ina za a sa sababbin? Kusan kowa zai ce gaba, tunda can sitiyari yake. Kamfanonin taya cewa suke baya, ko da gaba ce ke jan motar. Idan gaba ta zame a kan ruwa, direba zai ji a hannunsa, ya ɗaga ƙafa daga totur motar ta dawo hanya. Idan baya ce ta zame, motar juyawa take yi gaba ɗaya, kuma ba kowane direba ne zai iya kamo ta ba. A mota irin M3 mai jan baya, wadda ƙarfin injinta duka yake sauka a ƙafafun baya, tayoyin bayan ne ma suke riga suɗewa. Akwai 'yan tudu ƙanana a cikin ramukan zanen taya, tsayinsu milimita 1.6. Idan zanen ya yi daidai da su tayar ta gama aiki, amma a cikin ruwa riƙonta yana raguwa sosai tun zanen yana wajen milimita 3.